Kofi Ɗaya na Farar Giya

Karo na uku ke nan Ronel ta ɗauki kwalbar ta sake mayar da ita inda take. Kofi ɗaya kawai take bukata. Haka yake a rubuce a littafin girkin marigayiya mahaifiyarta, da fensirin da ya fara gogewa: kaza ɗaya, albasa biyu, kofi ɗaya na farar giya. To amma a duk faɗin garin Robertson ba mai auna maka giya kofi ɗaya ka tafi gida da ita.

"Ke Ronel, addu'a kike yi wa kwalaben nan, ko saya za ki yi?"

Denise ce, daga bayan wayar ƙarfen da ta raba mai shago da masu saye. Aji ɗaya suka yi a firamare, kuma tun lokacin bakinta bai san hutu ba.

"Girki zan yi," in ji Ronel. "Wacce ce mai sauƙin kuɗi?"

"Girki? To me ya kai ki layin masu gonaki? Dubi ƙasa, wajen ƙafarki. Ɗauki papsak, kaza ba ta san bambanci ba."

Ronel ta duba, ko da yake ba sai an nuna mata ba. Jakunkunan nan ne masu ƙyalli kamar takardar alawa, kowacce lita biyar, an jibge su a ƙasa. Ta taso tana ganin irinsu a ƙarƙashin gadon mahaifinta. Ita ce mafi arha a shagon. Kwalbar da ta ajiye kuwa ba ta fi kofi uku ba, amma kuɗinta ya kusa kama na jakar gaba ɗaya.

"In na ɗebi kofi ɗaya, sauran in kai shi ina?"

Denise ta yi dariya har da dafe ƙirji. "A garin nan kike tambayar inda za ki kai sauran giya? Ajiye a bakin ƙofa ki juya baya, ki ga ikon Allah."

"Baba ne zai zo cin abinci."

Dariyar ta tsaya. Denise ta gyara zama, ta yi ƙasa da murya. "Kawu Sarel? Ai kuwa na daɗe ban gan shi ba. Har yanzu yana riƙe?"

"Yau shekara ɗaya."

Kowa a gonar inabin da suke zaune ya san zancen, rabin garin ma ya sani. Liya, 'yar Ronel, tana da sati bakwai a duniya, Sarel ya zo ganin jikarsa da yamma, ya ɗauke ta daga kan gado ya ce zai nuna mata duwatsu. A matakalar baranda ƙafarsa ta goce. Ronel ce ta cafe yarinyar a iska, kanta bai fi tafin hannu ɗaya da siminti ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce masa sai ya yi shekara ɗaya cur bai sa komai a bakinsa ba, sannan zai sake tsallake ƙofarta ya ɗauki jikarsa. Tun daga ranar, duk Lahadi bayan coci, sai ya zo ya tsaya a bakin shinge, ta ɗaga masa yarinyar daga baranda ya gani, ya faɗi yawan kwanakinsa, ya tafi. Lahadin da ta wuce, da ta tambaye shi me yake so ta dafa masa ranar Asabar, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Kazar nan da mahaifiyarki take yi mana da Kirsimeti."

"To ai ba wani abu ba ne," in ji Denise. "Wuta tana cinye ta. Da ta tafasa shi ke nan, ɗanɗano kawai ke saura."

"Nas ɗin asibiti ta ce ba duka take fita ba. Kuma Liya ma za ta ci."

"Nas ɗin nan, har shayi sai ta ce yana kisa."

Ronel ta sake duban kwalbar. Ko da wutar za ta cinye ta tas, akwai ƙamshin da ke tashi lokacin da aka zuba ta a tukunya mai zafi, ya kama labule, ya kama riga. Mutumin da ya yi shekara arba'in a gonar inabi, wanda tun yana ɗan sha biyar ake biyan shi rabin ladansa da gwangwanin giya safe da rana da yamma, daga bakin shinge zai ji shi.

Wani tsoho da ke bayanta ya sunkuya ya sungumi jaka ɗaya ya rungume ta kamar jariri. Ya ƙura mata ido, ya washe baki babu haƙoran gaba.

"'Yar Sarel ce, ko? Ki gaida min shi. Ki ce masa dutsensa na ƙarƙashin gada yana nan, ba wanda ya zauna a kai."

Ta ɗauki ledarta mai kaza da madara mai kauri, ta fita ba ta sayi komai ba.

A bas ta samu gefen taga. Zafin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasar nan, ya sa kujerar roba tana manne wa cinya. An fara girbin farin inabi, hanya cike take da taraktoci masu jan akwatuna, ƙudan zuma na bin su. Ta ciro waya ta rubuta wa mijinta Elton: Ban sayi giyar ba. Ban san yadda zan yi kazar ba. Saƙon bai tafi ba. Jirgin kamun kifin da yake aiki a ciki yana can tsakiyar teku, sai ƙarshen wata zai ga tudu. Ta san haka kafin ta rubuta. Ta mayar da wayar jaka, ta ɗora ledar kazar a cinya don sanyinta.

Gidajen ma'aikatan gonar goma sha biyu ne a jere a bayan madatsar ruwa, duk fenti ɗaya. Na ukun shi ne na Anti Griet, aminiyar mahaifiyarta, wadda Ronel ta bar Liya a wurinta da safe. Ta same ta a inuwar bango tana feraye dankali, Liya na zaune a cikin bahon wanki ba ruwa, tana tauna murfin roba.

"'Yarki ta ci ayaba ɗaya, ta zubar da ɗaya, ta ja wutsiyar kare sau biyu," in ji Anti Griet. "Halin kakanta ne sak. Ina sayayyar?"

Ronel ta ɗauki yarinyar, ta shinshina wuyanta, sannan ta zauna a kan bokiti ta faɗi abin da ya faru a shago. Ta ce tana tunanin sa ruwan kal, amma tana tsoron zai tsinke madarar. Lemun tsami kuma ɗanɗanonsa daban ne, Baba zai gane ba ita ba ce.

"Dakata tukuna," in ji tsohuwar. Ta ajiye wuƙa. "Wace kaza ce ake sa wa farar giya?"

"Ta Mama. Ta Kirsimeti. Yana nan a littafinta."

Anti Griet ta dube ta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane.

"Wayyo yarinya. Farar giya, a gidanku? Ta kwana a ina?"

"Ita ta rubuta da hannunta, Anti."

"Ta rubuta mana. A kicin ɗin babban gida ta kwafa, lokacin da take yi wa Madam, matar mai gona, girki. A can ne ake zuba giya a tukunya a mayar da saura firji, a same ta washegari. Shekarar farko Madam ta zuba mata kofi ɗaya a kwalbar jam, ta ce ta je ta yi wa iyalinta. Ta ɓoye a cikin buhun gari. Kafin ta gama yanka albasa ubanki ya gano ta. Shekara ta biyu ta kawo min ajiya, ya zo ya ce ita ta aiko shi. Ni kuma sakarya na ba shi. Daga nan ta daina karɓa."

"To me take sawa?"

"Ɗanyen inabi. Wanda bai nuna ba, mai tauri kamar tsakuwa. Da Kirsimeti ai duk gonar shi ne. Ta tsinko a aljihun rigar aikinta, ta matse, ta tace. Ni nake riƙe mata ƙyallen."

Ronel ta gyara wa Liya zama a cinyarta. Shekara biyar da rasuwar mahaifiyarta, kuma ta ɗauka ta san duk abin da ke cikin littafin nan, har ɗigon man da ke shafi na tara.

"Ba ta taɓa faɗa min ba."

"Me za ta ce miki? 'Yata, ubanki ba ya barin kofi ɗaya ya kai tukunya? Ba halin uwarki ba ne."

"Shi ya sani?"

"Ina zai sani? Bai taɓa cin ta cikin hayyacinsa ba." Anti Griet ta ɗauki wuƙarta. "Fararen sun nuna yanzu, sun yi zaƙi, ba za su yi miki ba. Hau can sama, layukan jan inabi na gindin dutse. Jiya aka rage musu 'ya'ya, an zubar da ɗanyun a ƙasa. Ki zaɓi na inuwa. An yi sati uku ba a yi feshi a can ba, amma duk da haka ki wanke sau uku."

"Anti, ki zo ki ci tare da mu mana."

"A'a. Wannan cin abincin na mutum biyu da rabi ne. Ki aiko min da romo in ya rage."

Ronel ta sa kazar a firji, ta goya Liya da tawul, ta ɗora mata hula, ta hau. Rana ta take tsaka, ba kowa a layukan sama. Sai ƙarar ƙwari da numfashin yarinyar a bayan wuyanta. Tsakanin kuringar inabin ga 'ya'yan da aka yanke nan zube gungu-gungu, waɗanda rana ta buga sun yi laushi sun koma ruwan ƙasa. Ta riƙa durƙusawa a hankali saboda goyo, tana janyo na ƙarƙashin ganye, kore shar, masu sanyi a hannu. Ta fasa ɗaya da haƙori, tsaminsa ya sa ta runtse ido.

Da ta miƙe, daga nan sama ana hango gidan matsa inabi a ƙasa, da taraktoci a layi. A gefen ginin akwai wani ɗan mutum da takalmin roba ruwan ɗorawa, yana wanke akwatuna da tiyo. Ko daga nesa ta san tsayuwar mahaifinta, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Da ya ce mata ya karɓi aikin girbi a can, ta ce masa bai kamata ba. Ya ce, "A kwarin nan ina zan ɓuya wa inabi? Fansho kuma ba ya sayen takalmin jika." Ba ta ɗaga masa hannu ba, ba zai gani ba. Ta tsaya tana kallonsa har Liya ta fara shure-shure.

A gida ta wanke inabin sau uku, ta ƙara na huɗu. Ta zuba a kwano ta riƙa dannawa da gindin kofi, suna fashewa da ƙyar. Ta juye a tsohuwar rigar matashi mai tsabta. Ba mai riƙe mata, sai ta ɗaura baki ɗaya a mariƙin ƙofar kabad, ta murɗa ɗayan da hannu biyu har yatsunta suka yi fari. Ruwan ya ɗiɗɗiga, kore-kore mai duhu. Cikin kwano guda bai ba ta kofi ɗaya cikakke ba. Ta cike shi da romon wuya da ƙafafun kazar, ta sa ɗan sukari a bakin cokali, ta ɗanɗana, ta bar shi haka.

Ta soya kazar a man shanu har fatar ta yi ja, ta kwashe. Ta zuba albasa ta rage wuta. Liya tana ƙasa a bakin ƙofar kicin, a bayan kujerar da Ronel ta kwantar don tare hanya, tana buga murfin tukunya da cokali. Da albasar ta yi laushi, Ronel ta ɗauki kofin ta juye.

Tukunyar ta yi ƙara, tururi ya tashi ya rufe mata fuska.

Ta tsaya da cokali a hannu. Wannan ne ƙamshin. Kicin ɗinsu na da, da rediyo a kan taga, da mahaifiyarta ta juya baya tana kankare gindin tukunya, gashinta ɗaure da tsohuwar safa. Duk shekarun nan ta ɗauka ƙamshin giyar masu kuɗi ne. Ta juya kamar za ta faɗa wa wani, ba kowa sai Liya, wadda ta ɗago ta nuna mata cokali.

"Eh, na gani," in ji Ronel. "Cokali ne."

Ta mayar da kazar, ta rufe, ta ɗora shinkafa. Sai da ta sauke tukunyar ta ɗan huce sannan ta zuba madarar kaɗan-kaɗan tana juyawa, ba ta tsinke ba. Ta yi wa Liya wanka ta sa mata rigar da aka yi mata baftisma da ita, wadda yanzu ta ɗage mata. Ta share baranda. Ta ɗauke tabarmar bakin ƙofa don kada ƙafar wani ta harɗe.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ta hango shi ta taga. Ya sa kwat ɗinsa ta coci a wannan zafin, gashinsa a jiƙe an taje shi baya, da 'yar leda a hannu. Ya zo bakin shinge ya tsaya daidai inda yake tsayawa duk Lahadi, inda ciyawa ta daina fitowa.

Ronel ta sa Liya a gadonta mai shinge, ta buɗe ƙofa.

"Baba, yau ba ranar tsayuwa ba ce. Shigo."

Bai motsa ba. Ya cire hula.

"Sannu da aiki, 'yata. Ƙamshi har bakin hanya."

"Shigo mana, abinci zai huce."

"Zo tukuna."

Ta sauka daga baranda. Tun kafin ta kai shingen ta ji sabulun wanka, mai yawa, da na goge baki. A ƙarƙashinsu akwai wani abu kaɗan, mai zaƙi-zaƙi, amma a watan girbi kowa a gonar haka yake wari, har karnuka.

"Tankin farko ya fara magana yau," in ji Sarel.

Ta san abin da yake nufi. Kowace shekara, in ruwan inabin farko ya kwana uku a tanki ya fara kumfa yana fitar da sauti, foman, shugaban ma'aikata, yakan ɗebo tulu guda, a tsayar da inji, ma'aikata su yi layi su sha da kofi ɗaya don girbi ya yi albarka. Mos suke ce masa. Bai zama giya ba tukuna, amma ya bar zama ruwan inabi.

"Ina can baya ina wanke akwatuna," ya ce. "Na ƙi zuwa. Sai suka aiko. Ba a farawa sai babba ya sha, kin sani. Da Booi ne babba, to Booi ya rasu a hunturu. Yanzu ni ne. Mutum talatin a tsaye cikin rana suna jira na, foman ya miƙo kofi. Yaran suna cewa, Kawu, ai wannan ko jariri zai sha."

"Da ka ce musu a'a."

"Da na ce."

"Da ka taɓa da leɓe ka miƙa."

"Haka na yi niyya."

Ronel ta riƙe sandar shingen. Ta yi zafi da rana amma ba ta saki ba.

"Kofi nawa?"

"Ɗaya."

Ta saki numfashi. Kofi ɗaya na abin da bai gama zama giya ba, a gaban mutane, don al'ada. Ita da kanta tana yarinya an taɓa lasa mata. Ta riga ta fara shirya maganar a ranta, yadda za ta ce masa wannan ba ya cikin lissafi, hannunta har ya kai kan sakatar shingen.

"Ban gama ba," in ji shi. Yana kallon hular da ke hannunsa. "Da na sha na miƙa, sai na zagaya na koma ƙarshen layi. Ba wanda ya lura. Na tsaya a bayan yaran nan ina ƙirga kawuna, ina kallon tulun. Saura mutum biyu a zo kaina ya ƙare."

Wata tarakta ta wuce a hanya, suka jira har ƙararta ta yi nisa.

"Da bai ƙare ba fa?"

"Da na sha. Da akwai na uku ma da na sha." Ya murza hular. "Na yi wanka sau biyu. Na ce in na yi shiru ba za ki gane ba."

"Da na gane."

"Wataƙila. Na zo har kwanar gidan Griet da niyyar yin shiru." Ya miƙo ledar ta saman shinge. "Takalmi ne. Na ce musu na 'yar wata goma sha huɗu. In bai yi ba za su canja."

Ta karɓa. Ta juya ta hau baranda ta shiga gida ta rufe ƙofa.

Ta tsaya a tsakiyar ɗaki da ledar a hannu. Liya ta miƙe tana riƙe da shingen gadonta, tana tsalle, rigar ta tattare a cikinta. Ronel ta so a ce akwai wanda za ta tambaya. Elton zai ce ta bar tsoho ya shigo, ai ya faɗi gaskiya. Nas za ta ce kada ta kuskura. Mahaifiyarta kuwa, yanzu ta sani, ba za ta ce komai ba, za ta nemi wata dabara ne ta yi shiru da ita shekara ashirin. Shi ya faɗi gaskiya, haka ne. Kuma gaskiyar da ya faɗa ita ce bai tsaya don kansa ba, tulu ne ya ƙare. Yarinyar nan yanzu tana tafiya, tana miƙa hannu ga duk wanda ya yi mata murmushi. In ta saba da shi yau, ba za a iya cire mata shi gobe ba.

Ta sauke Liya ƙasa ta ba ta takalmin ta yi wasa da shi. Ta ɗauko faranti ta zuba shinkafa, ta ɗora cinya da ƙirji, ta malala romo. Ta fito ta ja ƙofar a bayanta har ta ji ta kama.

Yana nan inda ta bar shi, ya mayar da hularsa, ya juya rabi zai tafi.

"Buɗe shingen ka zo ka zauna a benci," ta ce. "Baranda ba cikin gida ba ne."

Ya shigo a hankali, ya zauna a bakin bencin, ya ɗora farantin a gwiwa. Ya rufe ido ya yi addu'a, ta fi ta kullum tsawo. Ita ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofa.

Ya kai cokali ɗaya baki. Ya tauna, ya tsaya. Ya ajiye cokalin a gefen farantin kamar wanda ya taɓa wuta.

"Ronel. Kin sa?"

"Ban sa ba."

"Kada ki ji tausayina. In kin sa ki faɗa min, don yau ba zan iya da na biyu ba."

"Ko ɗigo babu, Baba. Ɗanyen inabi ne, daga layukan gindin dutse. Ni na matse da hannuna."

Ya dubi farantin. Ya ɗebi romon kaɗan ya sake ɗanɗanawa, ya riƙe shi a baki yadda masu gwada giya ke yi.

"Amma haka nata yake," ya ce. "Sak."

"Na sani."

Ya sake duban romon. Ta ga lokacin da ya gane cewa matarsa ma ɗanyen inabi take sawa duk shekarun nan, don ya juya fuska wajen madatsar ruwa. Ba ta ƙara masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba.

Daga ciki aka ji takun ƙananan ƙafafu, ɗaya a takalmi ɗaya babu, sai tafin hannu ya fara dukan ƙofar daga ƙasa. Ronel ta ji dukan a tsakiyar bayanta. Sarel ya ɗago kai.

"Da kanta ta zo?"

"Sati biyu ke nan da ta fara."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki cokalin, ya juya shi a hannu.

"Gobe Lahadi," ya ce. "Daga gobe zan fara ƙirga, ko?"

"Me ya sa sai gobe? Fara daga farantin nan. Ba komai a cikinsa."

Ya sunkuya ya ci gaba da ci, a hankali, yana raba naman da ƙashi. Liya ta ci gaba da bugun ƙofa tana kiran uwarta. Ronel ta ce mata tana zuwa, amma ba ta tashi ba. Ta zauna nan, bayanta a jikin ƙofa, har ya cinye.